Fitila Mai Ruwan Ɗorawa

Ƙarfe biyun dare, Bompai ta yi tsit,
sai haushin kare daga bayan masaƙar da aka rufe.
Ni kuwa ina ɗakin da ba shi da taga,
da rigar sanyi a tsakiyar bazara,
ina gadin wadda ba ta barci.

Ta fi ni tsawo da kamu guda.
Baƙa ce wuluk, ba ta da fara'a,
amma a cikinta albashin malaman firamare yake kwance,
da fanshon tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa,
da cinikin da 'yan Kwari suka ƙulla da la'asar
suka tafi gida suka bar ta da lissafi.

Ranar da Malam Ɗanjuma Gwammaja ya miƙo mini makulli
bai ce in haddace littafi ba.
Cewa ya yi: Sallau, kasa kunne.
Kowace fanka da muryarta.
In amo ya sauya, kada ka jira allo.

Ta ƙofa biyu wuta ke shigar mata,
in ɗaya ta yi gardama ɗayar ta ɗauki kayan.
Ɗazu aka ɗauke ta gari.
Kafin ƙiftawar ido batura sun tallafe,
ina ƙirge a zuci, biyar, shida, bakwai,
janareta ya yi tari a tsakar gida, ya miƙe.
Ita ko gezau.
Ta dai rubuta, da minti da daƙiƙa,
kamar mai bin bashin da bai san mantuwa ba.

Fitilu kore sun jeru suna kallona.
Na kurɓi shayin da ya huce.
Sai guda ta rikiɗe, ruwan ɗorawa.

Ba ihu, ba kururuwa. Layi ɗaya tak:
fanka ta uku ta rage gudu,
zafi ya hau da maki huɗu.
Tuni ta kwashe aiki daga ɓangaren
ta aza wa na kusa da shi,
ta rage wa kanta cin wuta,
sannan ta gaya mini inda ke mata ciwo.

Nan Baba ya faɗo mini a rai.
Shekara talatin yana taka keken ɗinki a Fagge,
ƙafa na kumbura, yana sakin wando a kai.
In an ce yaya jiki, ya ce garau.
Ba fitila a goshinsa,
ba allon da zai tona shi.
Mu ma ba mu kasa kunne ba,
ga numfashi ya sauya amo tun da damina.
A kan keken ya kife,
zare na cikin allura,
rigar wani ango ba a gama wuyanta ba.
Likita ya dube mu ya ce: da kun zo tun bara.

Da.

Na ɗaura igiyar nan a wuyan hannu
don kada wutar jikina ta taɓa ta.
Na zaro fankar da ɗuminta,
kamar mai cire ƙaya daga ƙafar wanda ke tafiya,
don ba a tsayar da ita, ko don magani.
Sabuwa ta shiga, ta kama baki da sauran.
Huɗu, uku, biyu.
Kore.

Na sa hannu a rajista: uku da kwata, an sauya, lafiya.
Ba wanda zai sani.
Gobe malami zai zaro kuɗinsa a Zoo Road,
ya yi tsaki don layi ya yi tsawo,
wannan tsakin shi ne tukuicina.

Ladanin masallacin 'yan gadi ya gyara murya.
A Daidaita Sahu na farko ya wuce, fayau ba fasinja.
Na fito, zafin gari ya rungume ni,
na laluba waya, na kira Kurna.

Inna, yaya ƙafar?
A'a, kada ki ce mini lafiya lau.
Wacce ce, ta dama ko ta hagu?
Tun yaushe?