Shafin Cikin Adaka

Ranar da muka fasa adakar Baba Arzika,
tafintan bakin iyaka a Kamba,
ba mu tarar da sefa ba, ba takardar fili,
sai kafur, da tsohon hatimi,
da shafi guda da aka yago daga littafi.
A Gaya ya samo shi, in ji Inna,
shekarar da Kwara ta cinye shinkafar fadama.

Zanen tawada ne, ruwan ƙasa,
kamar tsimin bagaruwa a tukunyar majema.
Daga ƙasa an sa shekara:
dubu da ɗari bakwai da sittin da...
gara ta lashe sauran,
ta haɗa da sunan mai zanen.

Wani Bafaranshe mai hular gashi
zaune kan dakalin lambu, littafi a hannu,
bakinsa buɗe a tsakiyar kalma.
Mata biyu a gabansa.
Ɗaya ta yi tagumi, labari ya tafi da ita.
Ɗayar kuwa ta karkato wuya
tana kallon gefe,
inda babu komai sai farin takarda.

Fuskarta duka ja uku ce na alƙalami,
ɗigo biyu, ido ya samu.
Amma na san kallon nan.
Na gan shi a tsakar gidanmu bayan isha'i,
Baba na karanta jaridar Yamai,
yana fassarawa, yana ƙara gishiri,
Inna na cewa "to, to,"
kunnenta na wajen akuyar da ba ta dawo ba.

Na kai wa Malam Nomau mai koyar da Faransanci.
Ya goge tabarau, ya bi rabin layin da ya tsira:
"sai ta ce masa, dakata."
Wane littafi ne? Ya watsa hannu.

Shekara ɗari biyu da doriya
mutumin bai rufe baki ba,
matar ba ta juyo ba.
Baba dai ya rufe nasa tun Safar.

Na manna shafin saman keken ɗinkina.
Jiya Inna ta tsaya, ta matso da fitila,
ta daɗe tana duban matar.
"Baiwar Allah," ta ce,
"girki ta bari a kan wuta."
Ta yi dariya, sannan ta ja bakin zane
ta share ido.