Tambayar da Na Kashe

A shagona, bayan tashar Tawa,
inda kuran ke tafiya ba ta ce sai an jima ba,
akwai kwamfuta ɗaya, tsohuwa, mai tari in ta farka.
Da ita nake buga wa mutane takardu:
lissafin buhunan albasar Nomau,
takardun haihuwar 'ya'yan Tsahara,
hotunan samari masu shirin Abijan.

Aibinta ɗaya, yawan tambaya.
In na taɓa sabon abu sai ta dushe fuska,
ta buɗe 'yar taga:
Ka yarda wannan ya taɓa cikina?
Na yarda.
Ka yarda?
Na ce na yarda!
Sau goma kafin azahar,
ga layi har teburin mai shayi,
ga Nomau yana duba agogonsa da ya tsaya tun bara.

Ran wata Laraba na ƙosa.
Na bi lungu-lungu har na kama maƙogwaronta,
na ja shi ƙasa, can ƙarshe.
Ta yi gargaɗi ɗaya. Ban karanta ba.
Shiru ya sauka, mai sanyi kamar ruwan randa.

Na ce ai sauran masu gadi suna nan.
Ga maharbin ƙwayar cuta, jaka goma sha biyu na biya shi,
ga katanga,
ga akurkin da ke tsare shafukan intanet
kada su fito kiwo tsakar gida.
Mutum huɗu a bakin aiki,
in na sallami mai surutun, me zan rasa?

Sati uku ina yabon kaina.

Sai wata ɗaliba ta miƙo kile,
a fitar mata da shafi arba'in kafin la'asar.
Ba laifinta. Ita ma a wani shagon ta kwaso.
Abin ya shigo bai yi sallama ba.
Wa zai yi wa? Ni na rushe zauren.

Ranar kasuwa na kunna,
sunayen takardu sun rikiɗe, baƙaƙen da ba na kowa ba.
Albasar Nomau ta ƙi buɗuwa.
'Ya'yan Tsahara, su biyar, ba ranar haihuwa.

Arzika mai gyara ya zo a kabu-kabu,
ya zauna, ya ɗaga tabarau, ya daɗe bai ce uffan ba.
Sannan ya ce: Kai a ganinka taga ka rufe.
Igiyar darni ka kwance,
karan kuwa jingine suke da juna.
Tun ranar, duk wanda ya shigo da rigarka yake yawo.
Ya ce wa maharbi kwanta, ya kwanta,
don muryar maigida ya ji.
Ya ce wa katanga buɗe nan, ta buɗe,
don hatiminka ta gani.
Akurkin ma, sakatarsa a jikin tambayar take.

Na ce, amma duk fitilunsu kore ne.
Ya ce, kare ma yana kaɗa wutsiya.

Kwana biyu muna wanki.
Wasu takardun sun dawo, wasu sun bi ruwa.
Tsahara ta sake hawa mota zuwa ƙauye neman na asali,
ba ta zage ni ba, da ma ta zaga.
Ni da Nomau har yau ba mu daidaita ba
a kan buhu goma sha bakwai.
Yanzu da ɗan littafi yake zuwa, a aljihun gaba,
in na buga, ya rubuta.

Ɗazu fuskarta ta sake dushewa.
Ka yarda?
Layi ya kai teburin mai shayi.
Na ɗage hannu daga linzami,
na matso kujera,
na karanta sunan mai neman shiga, harafi harafi.
Ban san shi ba.