Maɓallin Jubara

Ɗari a Atbara ba ya sallama.
Da assalatu yake tsallako gada,
ya bi layin dogo kamar mai tikiti,
ya fara da ƙarfe, ya ƙare da yatsuna.

Ni ke fara hura wuta a bakin tasha,
Sittana na biye da butocinta uku,
ni da tsinken agashe, ita da kirfa da citta.
Shekara goma sha tara muna aron garwashi,
har yau ba a rubuta bashin ba.

Kogi ya janye, ya bar tafkuna nan da can,
kamar baƙin da suka tashi ba a kwashe kwanuka ba.
Kekuna sun ragu.
A da, in ƙahon ma'aikata ya busa,
sai ka ce fari sun sauka kan titi,
kowa rawani har hanci.
Yanzu raksha ke tari a gurbinsu,
yaro ya ci nama ya haska mini waya:
"Na tura, Baba, duba."
Ina dubawa. Kuɗi ba nauyi, ba wari.

Agogon bango ya tsaya a huɗu saura kwata.
Ba mai yi masa faɗa,
jirgin ma ya daina tambayarsa.

Sai Jubara.
Shekara talatin yana ƙwanƙwasa ƙafafun tarago da guduma,
yana jin tsaga tun ba ta buɗe baki ba.
Ya ajiye aiki, kunne ya ƙi ajiyewa.
Kowace safiya yakan zo cikin kwat ɗin aiki,
baƙi, mai nauyin ɗan akuya,
maɓallan tagulla shida, da tokata yake goge su.
Ya durƙusa, ya ɗora tafi kan dogo,
ya ce, "Ya baro Damar,"
ko ya ce, "Ku sha shayinku, yau ba ya zuwa."

Bana sanyi ya zo da mutane.
Daga kudu, katifu ɗaure da igiyar shanya,
a wuya makullan gidajen
da ba su san ko ƙofofin na nan ba.
Ɗakin jira ya koma ɗakin kwana,
zannuwa suka zama bango,
wandon jariri na bushewa a jikin sigina.
Cikinsu akwai malamin lissafi, Tajussir,
riga ɗaya, mai gajeren hannu,
da guntun alli a aljihu.
Jikin mataccen tarago ne allonsa,
haƙoransa na kaɗawa tsakanin bakwai sau takwas
da amsarta.

Ranar Talata kwat ya shigo tasha
da wata tafiya wadda ba tasa ba.
Sittana ta saki cokali.
Na yi salati,
har na fara lissafin wa zai wanke, wa zai haƙa.
Ashe malam ne a ciki,
hannun kwat ya haɗiye yatsunsa,
yana sunkuyar da kai kamar ya sato rigar liman.

Jubara na can bayan rumfa,
naɗe cikin bargon matarsa mai jajayen furanni,
yana hura shayi.
Na ce, "Tsoho, ka tsinka mana zuciya."
Ya ce, "Ni a zaune nake wuni.
Mai tsayuwa shi ya san iska."
Sannan ya buɗe tafi: maɓalli ɗaya, na wuya.
"Wannan kam ban ba shi ba.
Miƙo toka."

Yau ma iska na shigar malam ta maƙogwaro,
hagu riƙe da kwala, dama na rubutu,
yara na amsawa, tururi na fita daga bakinsu.
Jirgi bai zo ba. Jubara ya riga ya faɗa.
Na juya nama, na ƙara yaji,
na tura wa Sittana garwashi biyu.