Majigin Malam Oswin

A Erfurt, aji na tara,
allon lantarki na rataye a bango
cikin ledarsa tun bara,
kamar baƙon da aka manta a ba shi ruwa.

Malam Oswin ya gunguro majiginsa,
taya ɗaya na kuka,
fankar ciki na tari.
Ya shimfiɗa taswirar roba da ta koɗe,
jan layi na nan
ya raba ƙasar biyu.

Wiebke ta ɗaga hannu:
"Malam, ai an share iyakar nan
tun mahaifiyata na goye."

Ya lashi yatsa, ya murza.
Tawada ta ƙi fita.
"Ku kwafa," ya ce, "ku tsallake layin."

Muka duƙufa, mu ashirin da shida.
Rabinmu har da layin.