Mai Korar Tumaki a Filin Jirgin Paso Lindero

Shekara talatin da ɗaya, aikina bai sauya ba:
in riga jirgi isa titi,
in kore tumakin Barrientos daga kan kwalta,
in ɗaga kai in duba inda jakar iska ta nuna.
A Patagoniya iska ba baƙuwa ba ce,
ita ce mai gida, mu 'yan haya.

Da fari sauka biyar muke gani a mako.
Litinin likitan ido, Laraba buhun wasiƙu,
sauran kwanakin na masu haƙar mai ne,
rigunansu na warin gas,
suna zagaye teburin Nélida,
ƙoƙon shayi ɗaya, bututu ɗaya, hannu zuwa hannu,
har sai an ji gurnani daga gabas.

A wannan zauren aka haifi ɗan Quilodrán,
daren da ƙanƙara ta hana kowa tashi.
Ni na riƙe fitila, ina kallon bango.
Yanzu direban babbar mota ne,
yana wuce mu da hon biyu.

Rijiyoyin mai suka ƙafe, biyar ta koma uku.
Aka ja kwalta har bakin teku, uku ta koma ɗaya.
Ba wanda ya ce mana ciwo ne.
Rama ce irin ta tsohon doki:
kullum kana tare da shi,
sai baƙo ne zai ce maka haƙarƙari ya fito.

Ta ƙofar nan Ayelén ɗita ta tafi karatu,
ba ta waiwaya ba, don kada in ga fuskarta.
Ta nan Herminia ta tafi asibitin birni,
tana min faɗa kan miyar da ta bari a wuta.
Ta dawo bayan kwana sha tara,
ba a kujerar taga ba.
Ni na buɗe ƙofar kaya.
Aikina ne, ban bar wa kowa ba.

Takardar rufewa kuwa a motar haya ta zo,
kwana biyu tana hanya.
Nélida ta yi dariya har da hawaye,
daga baya dariyar ta tafi ta bar hawayen.

Jirgin ƙarshe: fasinja huɗu da kare a keji.
Matuƙiyar, Irigoyen, ta miƙo min hannu ta taga.
Da ta tashi sai ta karkata fiffike,
hagu, dama,
kamar mai cewa a yafe juna.
Na tsaya har ƙarar ta narke cikin iska,
sannan na kashe fitilu,
arba'in da biyu, da ɗai-ɗai,
ko da yake makunni guda ya isa.

Sun zo sun kwashe motar kashe gobara,
da ma'aunin kaya, da rediyo.
Agogon bango suka mance.
Yana nan yana ƙirga wa kujeru lokaci.

An ce sabo turken wawa. To, na yarda.
Har yau ƙarfe shida ƙafata ke kawo ni.
Ciyawa ta tsaga titi ta leƙo,
jikokin tumakin da na kora
sun kwanta a kan farin layi suna tuƙa.
Tsohuwarsu ta dube ni, na dube ta.
Ban ɗaga sanda ba.

Jakar iska ce dai ban iya bari ta yage.
Jiya na sauke ta, na ɗinke bakinta
da jan zaren da Herminia ta bari a gwangwani.
Na mayar da ita sama, ta cika, ta miƙe,
tana nuna yamma da gaskiyarta,
ko da wani zai tambaya.