Abin da Idon Ƙarfe Ya Gani a Baban Rafi

Ni ne mai riƙe bakin igiya.
Zuwaira ta zo daga jami'ar Maradi
da igiyar awo, da littafi mai layi-layi,
ta ce in nuna mata dajin da na tsufa ina ɓarna a ciki.
Ba haka ta faɗa ba.
Ni dai haka na ji.

Mukan zagaya marke daidai ƙirji
kamar tela zai yanka masa riga.
Ta kira shi da wani dogon suna
wanda ko ƙasar da ta haife shi ba ta sani ba,
na ce marke ne, ƙotar gatarin ubana.
Ta rubuta nata, ta rubuta nawa a gefe.
Ta shafa masa jan fenti: sittin da uku.

Ran Laraba takan zauna da matan Gabi gindin tsamiya.
Dami nawa kike ƙonawa a mako?
Tafiyar awa nawa kafin ki tarar da busasshe?
Inna Tabawa ta ce, da can tuwo na kan wuta
nake zuwa in dawo,
yanzu sai in fita da inuwata a gaba,
in dawo tana gabana.
Mene ne amfanin daji a gare ki?
Gida huɗu ne a takardar, a zaɓi ɗaya.
Tsohuwa ta ce, shi ne rumbun wanda gona ta ƙi.
Zuwaira ta juya takarda, ba gidan da zai ɗauka.

Sai muka ɗaure idon ƙarfe a jikin ƙirya,
yana kallon hanyar tabki.
Kwana arba'in ba ya ƙiftawa sai an motsa.
Da muka buɗe, ga dila, ga bushiya,
zabin daji goma sha ɗaya a jere kamar masu zuwa biki,
shanun da ba su da izini,
iska tana kaɗa sabara sau ɗari uku, ba kowa.
Can tsakiya, gada.
Ɗaya tak, kunne a tsaye.
Rabona da sawunta tun shekarar da aka karɓe bindigata.
Na ce hayaƙin shayi ne ya shiga mini ido.

Hoton da ke biye, mutum ne.
Gatari a kafaɗa, wata ya kusa faɗuwa,
hular nan ni na saye ta a kasuwar Madarunfa.
Tanimun, ɗan ƙanena,
wanda uwarsa ke kwance asibiti tun kaka.
Ta ce, Baba Nomau, ka san shi?
Na ce duhu ya yi yawa.
Ta dube ni har na ji nauyin rawanina,
sannan ta rubuta: mutum ɗaya, gatari ɗaya.
Ta ce ita ba mai kamu ba ce, mai ƙidaya ce.
Amma na san lamba tana da ƙafa,
tana zuwa Yamai, ta dawo da takalmi da kaki.

Da asuba na tashe shi.
Ban yi faɗa ba, wanda ya ci naman daji
ba ya wa'azi da baki cike.
Na miƙa masa ɗaya bakin igiyar.
Jikka ɗaya da rabi a yini, in ji Zuwaira, zuwa faɗuwar ruwa.

Mun isa sittin da uku da hantsi.
Kututture ne, jan fentin ya tafi Maradi cikin amalanke,
ya dafa wa wani shinkafa.
Ta ce a auna shi duk da haka.
Yaron ya durƙusa, ya zagaya igiya,
ya faɗi lamba murya ƙasa-ƙasa.
A gefen saran, tofo biyu sun fito, ko ɗan yatsa ba su kai ba.
Ta ce a ƙirga su.

Gatarin yana nan bayan ƙofa.
Na gan shi jiya, an wasa shi.