Bakin 'Yan Kallo

Kafin jirgin tara na safe ya taɓa gaɓar Murano
na san abin da ya ɗauko:
huluna, wayoyi a sama kamar masu roƙon ruwa,
da maganganu huɗu ko biyar
da na haddace tun ina sharar ɓaraguzan gilashi.

Ni ce Fosca. Ni ke buɗe wa Alvise bakin tanderu.
Shekara goma sha tara ina jin su.

Zai tsoma bututu, ya ɗebo wuta kamar zuma,
ya hura, ya murza, ya ja da awartaki,
sai ga doki, ƙafa ɗaya a sama.
Ni kuwa in ƙirga a zuci: ɗaya, biyu,

"Ba ya ƙona ka?"
Ta iso. Kullum ita ce 'yar fari.
Sai mai gemun nan, kowane jirgi da nasa,
ya ce ya ga wanda ya fi haka a wani gari.
Sai wadda kakanta ma maƙeri ne.
Sai mai cewa inji zai yi dubu kafin rana ta take.
Sai biyu a bencin baya su kaure da musu
kan abin da ko kusa bai shafi gilashi ba,
har doki ya huce ba su gan shi ba.

Da ƙuruciya haushi nake ji.
Na ce, "Maigida, ɗan kallo bai taɓa ɗebo da zafi ba,
amma bakinsa ya fi tanderu aiki."
Ya share gumi da bayan hannu.
"Ƙyale su. Wanda ya ga abin mamaki
dole ya ajiye wani abu kafin ya tashi.
Abin da ke aljihunsa ke nan."

Kuma cikin ƙaiƙayin akan tsinci tsaba.
Wata yarinya mai giɓi ta taɓa miƙa yatsa:
"Akwai gashi a jikin sandarka."
Tsagewa ce, siririya, duk ta wuce mu.
Da ta kai yamma
da hannun Alvise ba haka yake ba yau.

Wani tsoho da rigar ruwa bai ɗaga waya ba.
Ya jira benci ya watse, ya ce,
"Matata na da irinsa a kan taga.
Ran Talata na fasa shi, ina goge-goge."
Bai ce ta rasu ba. Mun ji.
Alvise ya sake tsoma bututu.

Sai shekarar da jirage suka daina zuwa.
Ruwan mashigi ya kwanta, har ƙananan kifaye ake gani.
Muka riƙa hura wuta don kada tanderu ya mutu.
Alvise ya yi doki, ya tsayar da shi gaban benci uku.
Na ƙirga: ɗaya, biyu, uku, har ashirin.
An ce shiru ma magana ce;
wanda ya faɗa bai ji irin wannan ba.

Can na ji tsohon, bai ko juyo ba,
da siririyar murya irin ta baƙi:
"Ba ya ƙona ka?"
Ya ba kansa amsa: "Yana yi. Kullum."
Ban taɓa jin ya gaya wa kowa haka ba.

Yanzu sun dawo, su da wayoyinsu.
Mai gemun ma ya zo, da wata fuskar daban.
Hannun Alvise ya soma rawa,
yana zaune a kusurwa, ni ke riƙe bututu.
Dokina har yau wuyansa gajere ne,
kuma wani a bencin baya ya faɗa, da ƙarfi,
don matarsa ta yi dariya.
Gaskiyarsa.

Na gaba, na ja wuyan kaɗan.
Na tsayar da shi yana hucin wuta,
na kasa kunne:
ɗaya, biyu,